Rafila Mai Yanka a Makare

Kafin ƙararrawar coci ta kaɗa ta farko, Lele Rafila (Lele muke ce wa babbar mace a nan) ta riga ta tatse saniyarta, ta tace madara, ta rufe tukunya da ƙyalle. Daga nan sai ta zauna a kan kututturen ƙofar gida, ta ɗora bakin dogon laujenta a kan 'yar ƙaramar maƙera, ta bi shi da guduma a hankali daga gindi har tsini. In ta gama, ta ƙulle tuwon masara na jiya da cukun tumaki da albasa guda a cikin tsumma, ta saka dutsen washi a ƙahon da ke rataye a ƙugunta, ta saɓa lauje, ta kama hanyar dutse. A ƙarshen watan Agusta hazo yakan sauko har bayan gidajenmu da safe. In kana tsaye a gada za ka ga ya fara haɗiye ƙafafunta, sannan bayanta, sannan kallabinta, sai bakin laujen kaɗai ya rage yana tafiya a sama kamar jinjirin wata da ya ɓata hanya. Tafiyar awa biyu ce zuwa Goshi. Shekara talatin da biyar tana yin ta.

Bana gwiwarta ta ƙi. Likita ya ce in ta sake hawa, a kan kafaɗun mutane za ta sauko. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ba aikina ba ne. Ni Zaharie ne, kafintan ƙauyen nan, kuma karatun da nake da shi ni na koya wa kaina a bakin teburin sassaƙa. Ba na son yabon da ake ajiyewa sai mutum ya shiga akwatin gawa. Akwatunan ni nake yin su, na sha jin irin maganganun da ake yi a kansu, yawancinsu ƙarya ce, sauran kuma sun makara.

Goshi wani gangare ne a can ƙololuwa, inda farin dutse yake leƙowa daga cikin ciyawa. Kamar sauran filayen sama na duwatsunmu na Apuseni, mallakar ƙauye ne, majalisa ke raba wa gidaje su yanki ingiricin hunturu. Gidan Macavei, mijin Rafila, shi ya samu Goshi, don ba wanda yake so. Ƙasar ba ta da zurfi, dutse yana cin bakin lauje, kuma sai ka jingina da gangaren kamar mai hawa tsani. Abin da yake da shi wanda sauran ba su da shi, shi ne idon-sa, wato idon bijimi. Ɗan gajeren fure ne, da ƙyar ya kai taƙi guda, ganyen furensa shunayya, tsakiyarsa rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Hunturu ba ya kashe shi. Gindinsa yakan kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara wata biyar, ya farka a inda yake. Mu dai ba mu san yana maganin komai ba, shanu ma ba su damu da shi ba. Amma wanda ya taɓa hawa Goshi a watan Yuli, a shekarun da wurin ke cikin ƙarfinsa, ba ya mantawa. Iska na busowa daga ƙasa, gangaren duka yana motsi, ka rasa ko furannin ne ke tafiya ko gajimaren da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ƙarar ƙararrawar tumaki tana zuwa daga wani dutsen, a hankali, kamar daga wata shekara da ta wuce. Dubban idanu suna kallon sama, babu mai ƙiftawa.

A wurinmu ciyawar sama ana gama yanke ta kafin ranar Annabi Iliya, ashirin ga Yuli. Wanda ciyawarsa ta kwana a tsaye bayan wannan rana, an sa masa sunan rago ke nan, kuma sunan yakan bi 'ya'yansa har makaranta. Macavei bai taɓa makara ba. A shekarar da ciwo ya kwantar da shi, Rafila na da shekara arba'in da ɗaya. Ta yi jinyarsa duk watan Yuli, aka binne shi farkon Agusta, sai bayan idin Maryamu, tsakiyar watan, ta sauke laujensa daga bango ta hau. Mata a nan manjagara suke riƙewa, ba lauje ba. Ta yanke gangaren ita kaɗai cikin kwana tara, tana kuka tana sara dutse. A lokacin furannin sun riga sun bushe, kawunansu sun yi furfura, duk inda lauje ya bi sai farin gashin ya tashi ya bi iska. Ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Bayan shekara biyu ta ga 'yan ƙananan ganye sun fito a wuraren da ba a taɓa ganin furen ba, a tsagar dutse, a bakin turba, har a inda take zama ta ci tuwo.

Nan ta gane abin da maza ɗari ba su gane ba a gabanta. Mai yanka da wuri yana yanke furen da 'ya'yansa a ciki. Daga wannan shekara ba ta sake yanka Goshi kafin idin Maryamu ba.

Kada wani ya ɗauka abin a banza ya zo mata. Ciyawar da ta makara takan yi kara, ta rasa daɗi, saniya ta ci tana hura hanci. Duk hunturu madarar gidanta ba ta kai ta maƙwabta. 'Ya'yanta biyu sun tashi suna shan rabin kofi inda 'ya'yan wasu ke shan cikakke. Sannan ga baki. Gligor, wanda daga baya ya zama shugaban ƙauye, a lokacin shi ne gwanin yanka na kwarin nan, kuma ya san da haka. In ta zo wucewa ta gaban kanti da laujenta, shi da abokansa suna zaune a benci, nasu ingiricin ya yi wata guda a rumbu, sai ya ɗaga hula.

"A'a, Lele Rafila, ashe kin farka? Wallahi mun ɗauka sai Kirsimeti za ki yanka."

"Sannu da zama, Gligor," in ji ta, ba ta ko rage tafiya. "Da harshenka lauje ne, da tumakin garin nan sun mutu da yunwa."

"Ki tafi da bargo, Lele, kada ƙanƙara ta same ki a can!"

"Bargon na wurin matarka. Ta ce kai ka fi buƙata, tunda kwanciya ce sana'arka yanzu."

Haka suka yi shekara ashirin, shi da bencinsa, ita da hanyarta.

Ke ce, Lele Rafila, wadda aka kira raguwa alhali kin riga kowa tashi. Ke ce kika yarda a yi miki dariya a kowace shekara saboda wani abu da ba a ci, ba a sayarwa, ba ya cewa an gode. Ban taɓa jin kin yi wa kowa wa'azi a kansa ba. In an tambaye ki dalili sai ki ce, "Bai gama ba tukuna," ki wuce.

Yanzu zan faɗi abin kunyar, don jinjinar da ta ɓoye laifin masu yin ta ba jinjina ba ce. Shekara goma sha uku da suka wuce wata malamar jami'a mai nazarin tsirrai ta zo daga birni. Ta hau Goshi, ta yi kwana biyu tana rarrafe da littafi a hannu, ta sauko fuskarta a ƙone. Ta ce ta zaga duwatsu da yawa, ba ta taɓa ganin idon-sa ya cika wuri ɗaya haka ba, kuma mu riƙe wurin da kyau. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta hau mota ta tafi. Sauran duk namu ne.

Mu mutane ne masu son shinge. Duk abin da muke girmamawa sai mun kewaye shi da katako. Kabarin kaka, rijiyar coci, gicciyen mararraba, kowanne da shingensa da ƙyaurensa mai zane. Haka muka iya nuna ƙauna, ba mu san wata hanya ba. Don haka majalisa ta zauna, Gligor na shugabanta, aka yanke cewa a kewaye Goshi, ba yanka, ba kiwo, ba shiga. Ita kuma Rafila, don a saka mata, aka ba ta fili a bakin rafi, shimfiɗaɗɗe, mai ciyawa har ƙugu, tafiyar minti goma daga gidanta. Jama'a suka yi tafi. Wasu mata har da hawaye.

Ta miƙe a bayan ɗakin taro ta ce, "Ba na so."

Gligor ya yi dariya. "Lele, zauna mana. Hutu aka ba ki. Shekara nawa kina sarar furen nan da lauje? Ki bar shi ya huta shi ma."

"Wa ya gaya maka ya gaji?"

"Malama daga jami'a ta ce a riƙe shi."

"To ai ina riƙe da shi. Ku ne za ku sake shi."

Ba wanda ya saurare ta. Ni kaina ban saurare ta ba. Ni aka ba aikin shingen, kuma na yi shi da alfahari. Dirkoki ɗari da sittin, mun hau da su a bayan dawaki. A jikin ƙyauren na sassaƙa hoton furen da kansa, ganye ashirin da ɗaya, kowanne da jijiyarsa. Limamin coci ya hau ya yayyafa ruwa, aka sha barasar gida fiye da yadda ya kamata, aka sauko ana waƙa.

Shekara uku wurin yana rufe. Mu muna ƙasa, hankalinmu a kwance, mun yi abin kirki. Ita kuwa duk ranar Lahadi bayan coci takan hau hannu wofi. Makiyaya sun ba ni labari. Sun ce sukan hango ta tsaye a jikin shinge, haɓarta a kan katako, kamar mai ziyarar ɗan kurkuku. Wani lokaci hazo ya rufe ta, ya yaye, tana nan yadda take.

A shekara ta huɗu, washegarin idin Maryamu, na hau don in shafa wa ƙyauren mai. Tun daga nesa na ji wani sauti da bai kamata a ji shi a can ba, shuu, shuu, a hankali, ba gaggawa. Da na ƙarasa sai na tarar an cire ƙyauren daga maƙalansa, an kwantar da shi a kan ciyawa, an ma sa masa dutse a ƙasa don kada raɓa ta taɓa zanen. Rafila na ciki, ta riga ta yanke layi uku.

Na ce, "Lele, me kike yi haka? Doka fa aka sa."

Ba ta juyo ba. "Zaharie, aikin ƙyauren nan ya yi kyau. Furen da ke jikinsa ya fi duk na ciki lafiya. Zo nan."

Na shiga. Ƙafata ta nutse. Ciyawar shekara uku ta mutu ta kwanta a kan 'yar'uwarta, ta zama wani jiƙaƙƙen bargo mai warin ruɓa, ƙayoyi da 'ya'yan itatuwan kurmi sun huda ta sun fito har gwiwa.

"Durƙusa," in ji ta. "Ai kana yi a coci. Buɗe da hannunka."

Na durƙusa, na yaye bargon. A ƙarƙashi ga gindin furen nan, ganyensa ya yi fari fat, ya miƙe siriri yana neman haske bai samu ba. Na yaye wani wurin, wannan ya riga ya narke.

"Bana na ƙirga su daga bayan katakonka," ta ce. "Goma sha ɗaya ne suka buɗe. Ɗan abin nan gajere ne, Zaharie. In ba a aske masa manyan da ke kansa ba, ta ina zai ga rana? Kun ɗauka lauje ne maƙiyinsa."

Na miƙe, na fara tumɓuke ƙaya da hannu.

Labari ya riga ya sauka da wani makiyayi. Kafin rana ta take Gligor ya iso, da rigar ofis, yana haki, fuskarsa ja wur.

"Lele Rafila! Da girmanki? Ki ba ni laujen nan yanzu."

Ta goge bakinsa da ciyawa, ta miƙa masa ta wajen ƙota. "Ungo. Tunda ka sha wahalar hawa, fara daga wancan dutsen ka yo nan."

"Ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma. Duba ƙarƙashin ƙafarka."

Ya duba. Na yaye masa bargon kamar yadda aka sa ni. Ya daɗe yana kallo. Gligor mutum ne mai girman kai, amma manomi ne ɗan manomi, ya san shukar da ke mutuwa in ya gan ta. Ya gwada bakin laujen da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Wa ya buga miki wannan? Kamar bakin cokali."

"Wadda ta yi shekara ashirin tana yanka kana zaune."

Ya tuɓe rigar ofis ya rataye a kan shingena. Ya gyara tsayuwa, ya kai sara ɗaya irin ta gwanaye, ƙasa-ƙasa, har ƙura ta tashi. A wurinmu darajar mai yanka ita ce ya share ciyawa har ƙasa ta fito.

Rafila ta daka masa tsawa. "Ɗaga hannunka! Ba gemun surukinka kake askewa ba. Bar yatsa huɗu. Gindin ne ransa."

"Yatsa huɗu? A gan ni na bar yatsa huɗu a fili? Ai sai a ce na tsufa."

"Ka tsufa mana. Ɗaga."

Ya ɗaga. Mu uku muka yi kwana goma sha ɗaya a gangaren nan, muna yanka, muna tumɓuke ƙaya, muna jan ruɓaɓɓiyar ciyawa zuwa ƙasa. Majalisa ba ta taɓa zama ta janye dokar ba, don mu ba mu iya cewa mun yi kuskure a gaban juna. Kawai dai aka wayi gari dirkokin suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, aka yi hunturu ana ɗumama makaranta da su.

Abin da shinge ya kashe a shekara uku, sai da Rafila ta yi shekara bakwai tana lallashinsa. Takan bar ciyawar da ta yanke ta kwana uku a wurin, ta riƙa kaɗa ta da manjagara don 'ya'yan su zube kafin a kwashe. Inda ƙasa ta yi sanƙo takan tsinko busassun kawunan da hannu, ta murje su a tafinta, ta buɗe hannun ta bar wa iska. Na taɓa ganinta tana yi da yamma, rana na bayanta, farin gashin yana tashi daga hannunta yana haske, yana bin gangaren a hankali kamar numfashin mai barci. Ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, wani lokaci in hazo ya cika wurin takan ji saran wani laujen a gefenta, irin na Macavei, daidai da nata, sara da sara. Ta ce ba ta juyawa. Ni ba mai yarda da irin waɗannan maganganu ba ne, amma ban musa mata ba.

Darasin a fili yake, kuma zan faɗe shi ba sakaye. Akwai ƙaunar da ba komai ba ce illa lalaci da aka yi wa ado. Ka kewaye abu, ka rubuta allo, ka koma gida ka kwanta, ka ce ka kiyaye. Haka muke yi wa filaye, haka muke yi wa tsofaffinmu, haka wasu ke yi wa 'ya'yansu. Abin da kake so da gaske, sai ka hau ka same shi a kan lokacinsa, da kayan aiki a kafaɗa, kowace shekara, har ranar da ƙafarka ta ƙi.

Ƙafarta ta ƙi bana. In Goshi ya yi shekara biyu ko uku ba yanka, mun riga mun ga abin da zai faru, kuma wannan karon babu Rafilar da za ta cire ƙyaure. Limami ya yi shelar gayya a coci sau biyu. Ƙauyen da ke da gida ɗari da arba'in, mutum huɗu suka fito ranar sha shida ga Agusta. Ni, da Gligor mai shekara saba'in, da Domnica malamar makaranta wadda ba ta taɓa riƙe lauje ba sai bana, da wani makiyayi da ya ce zai ba mu kwana biyu. Mun yi kwana shida. Hannun Domnica ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba.

Da muka sauko muka biya ta gidan Rafila. Mun same ta a bayan gida a kan kujera, ƙafarta a kan bokiti, ta juya wa hanya baya. Daga wannan wurin ana hango Goshi can sama, ɗan mitsitsi kamar tafin hannu, kuma gangaren da aka yanke launinsa yakan canja. Maƙwabciyarta ta ce kwana shidan nan a nan take wuni.

Gligor ya cire hula. "To Lele, an gama. Sai ki sa mana albarka."

Ta ƙanƙance ido, ba ta sauke shi daga dutsen ba. "Wa ya yanki tsakiya?"

"Ni."

"Ka yi ƙasa da yawa. Daga nan ina ganin ƙasa."

"Haba Lele, daga nan? Tafiyar awa biyu?"

"Gefen hagu kuma, ƙarƙashin farin dutsen can, wa kuka bar wa? Ni?"

Muka dubi juna. Gaskiya ne. Wurin ya yi tsayi, mun gaji, mun ce ba wanda zai sani.

Lele Rafila, mun gode. Mun gode da shekara talatin da biyar, da rabin kofin madara, da dariyar da kika haɗiye. Mun gode da kika karya mana doka ba ki karya mana ƙyaure ba. Uwar Goshi, Allah ya sassauta miki gwiwar nan, ya bar miki idon.

Ku kuma sauran, maza da mata, na gida da waɗanda suka zo hutu daga ƙasashen waje da manyan motoci, ba na neman ku yi mata tafi, an yi mata sau ɗaya kun ga inda ya kai mu. Gefen hagu yana nan a tsaye. Ranar Asabar da safe za mu haɗu a gada. Wanda ba shi da lauje ya zo shagona, ina da guda uku, na sa musu sababbin ƙotoci. Wanda bai iya ba za a koya masa a can. Ku zo da tuwonku da ruwanku, kuma ku sani tana zaune a bayan gidanta tana kallo.